Dolfin ɗin Tai O

Yau wani abokina ya ja ni ƙauyen Tai O a tsibirin Lantau na Hong Kong, muka shiga kwale-kwale mai inji wai mu ga dolfin, dabbar teku mai kama da ƙaton kifi da ke leƙowa sama ta shaƙi iska. Mun jima muna ta zagaye ba komai sai doguwar gadar da ta haɗa Hong Kong da biranen Zhuhai da Makau can gefe, kawai sai ga wata ta ɓullo dab da mu, jikinta ruwan hoda kamar an ɗaye mata fata, ɗanta mai ruwan toka manne da ita, ta fesar da numfashi fuuu ta nutse. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

A 2003 ƙidayar hukuma ta nuna irin waɗannan dolfin sun haura 150 a ruwan Hong Kong, yanzu ko 50 ba su kai ba fa. Arewacin Lantau da suke zama a da an cike teku an yi wa filin jirgin saman Hong Kong titin saukar jirage na uku, ga ƙarar jiragen ruwa masu gudu, su kuwa da sauti suke neman abinci, dole suka tattara suka koma yamma. Ni dai ban ga inda za su ƙara matsawa ba in aikin ya biyo su nan.