Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ni da Kyamarata a Tsibirin Jawa

A makon jiya na tsaya ne a inda na kammala zangon karatu na farko a Malesiya, bayan na tara ɗan abin da ya samu daga ɗaukar hotunan bukukuwan ɗalibai 'yan Afirka. Yawancin abokan karatuna gida suka nufa da aka ba da hutu, ni kuwa zuciyata Indunusiya ta karkata, domin tun ina ganin alhazanta a hotunan Makka, sanye da tufafi iri ɗaya kuma cikin natsuwa, nake son in ga yadda suke rayuwa a ƙasarsu. Wani malaminmu ɗan asalin can ne ya zaɓa mini inda zan sauka, ya ce idan dogayen benaye nake nema in tafi Jakarta, idan kuwa mutane nake son gani to in nufi Yogyakarta.

Yogyakarta birni ne mai sarki a tsibirin Jawa na Indunusiya. Sultan Hamengkubuwono na ɗaya ne ya kafa fadarsa bayan yarjejeniyar Giyanti ta shekarar 1755, wadda ta raba daular Mataram gida biyu, kuma har yau zuriyarsa ce ke kan gado. Sultan na goma, wanda ya hau karaga a 1989, shi ne ma gwamnan lardin. Dab da fadar akwai babban masallacin Kauman da aka gina a 1773, a unguwar da Ahmad Dahlan ya kafa ƙungiyar Muhammadiyya a 1912. Kusa da nan na samu masauki, a masallacin nake sallar asuba, daga ƙofarsa kuma nake fara aikin ranar.

Wanda zai ɗauki hoto a waɗannan ƙasashe dole ya saba da sammako. Birnin yana kudu kaɗan da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana kan fito wajen ƙarfe biyar da rabi, kuma ba ta ɓata lokaci wajen ɗagawa. Kafin ƙarfe tara haskenta ya yi kaifi, inuwa ta taru a ƙarƙashin idon mutane, launin ganye ya koɗe a cikin hoto. Sai kuma laima, wadda ita ce babbar abokiyar gabar kayan aikinmu a can. Idan mutum ya fito da kyamara daga ɗaki mai na'urar sanyaya iska, nan take gilashinta zai yi gumi, sai an ba shi lokaci ya washe, idan kuma aka bar ta a jaka mai danshi funfuna ce za ta kama gilashin ta ciki. Da damina, wadda takan ɗauko daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, ruwa ya fi sauka bayan azahar, kuma a ganina babu lokacin da ya kai bayan ɗaukewarsa kyau, domin kwalta tana sheƙi, iska ta wanku, masu keken fasinja mai ƙafa uku suna yaye ledar da suka rufe fasinja da ita.

Kasuwar Beringharjo, wadda ke kan titin Malioboro, ita ta ci mafi yawan lokacina. A ƙasa ake sayar da yadi da tufafi, idan aka kutsa ciki kuma sai kayan yaji da sassaƙe-sassaƙen magani da busasshen kifi da kwandunan albasa. Abin da ya tsayar da ni shi ne 'yan dakon kasuwar, waɗanda akasarinsu mata ne, wasu ma sun haifi mahaifiyata. Ba a ka suke ɗaukar kaya ba, a baya suke goya shi, su ɗaure buhu ko kwando da dogon zane kamar yadda uwa ke ɗaure ɗanta da majanyi, sa'an nan su sunkuya su hau matakala da shi. Da yawansu daga ƙauyukan kewaye suke zuwa tun duhun asuba.

Ban ɗaga kyamara a kansu ba a farkon zuwana, kuma ina da dalili. Na taso ina ganin baƙi suna tsayar da mota a garinmu, su zuge gilashi, su ɗauki hoton almajirai da kwanonsu, su wuce ba sallama ba sallamawa, daga baya a ga hoton a wata mujalla an rubuta talauci a ƙarƙashinsa. Na san zafin wannan abu, ban kuwa ga yadda zan ƙetare teku in je in yi wa iyayen wasu irinsa ba. Saboda haka sai na riƙa zama a bakin matakalar da suke hutawa, in yi musu sallama su amsa, in sayi shayi mai zaƙi irin nasu, mu yi ta hira da hannu da 'yan kalmomin Malayanci da na koyo a makaranta, waɗanda suke kusa da harshen ƙasar. Suna mamakin baƙar fatata, suna tambaya ko ina da mata, da suka ji na iya karanta Fatiha kuwa sai fuskokinsu suka saki.

Wata tsohuwa a cikinsu, wadda nake kira Mbah kamar yadda kowa ke kiran kaka a can, ita ta fara nuna kyamarar ta nuna kanta. Kafin in danna sai ta ɗaga hannu ta dakatar da ni, ta gyara ɗankwalinta, ta share gumin goshinta da gefen zane, ta sake ɗaure kayan, sa'an nan ta miƙe iyakar miƙewar da nauyin ya bari. A hoton ana ganin jijiyoyin wuyanta sun tashi, ana ganin ƙullin zanen ya nutse a kafaɗarta, yatsun ƙafarta sun kama bakin silifa, amma idonta yana kan mai kallo kai tsaye, babu alamar roƙo a cikinsa. Da na sace hoton daga nesa, wahalarta kaɗai zan samu. Da yake ita ta shirya kanta, sai ga mace mai sana'a wadda ta san darajar guminta. Har gobe, idan matasa masu koyon aikin nan suka zo wurina, wannan hoton nake fara nuna musu kafin mu taɓa maganar na'ura.

Na je Borobudur, mai nisan kamar kilomita 40 daga birnin, domin ba a zuwa yankin a tsallake shi. Wurin ibadar mabiya addinin Buddha ne da aka gina da duwatsu a wajen ƙarni na 9, yana da gumaka 504 da allunan sassaƙa 2,672, kuma UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1991. Daga tudun Punthuk Setumbu na ɗauke shi da sanyin safiya, hazo ya kwanta a kan itatuwan kwakwa, dutsen Merapi mai aman wuta yana can baya. Hoton ya yi kyau, sai dai mutanen da ke tsaye a gefena duk irinsa suka tafi da shi. Abin da ya fi zauna mini a rai daga wurin shi ne labarin Kassian Cephas, ɗan Jawa na farko da ya riƙi ɗaukar hoto sana'a, kuma mai hoton fadar Sultan. A tsakanin 1890 da 1891 ya ɗauki alluna 160 na gindin ginin lokacin da aka buɗe su, daga baya aka sake rufe kusan dukkansu da duwatsu, ta yadda a yau ta hotunansa ne duniya ke sanin abin da ke ciki.

A hanyar dawowa na bi gefen magudanar Selokan Mataram, wadda aka haƙa a zamanin mamayar Japan don haɗa kogin Progo da na Opak. Jama'a suna yaba wa Sultan na tara a kan aikin, domin da shi ya tsare talakawansa a gida maimakon a kwashe su aikin tilas. Ruwanta ne ke shayar da gonakin shinkafa, inda a wuri ɗaya za ka ga ana dashe a wannan fage, ana girbi a na kusa da shi. Ƙasar tana da albarka ne saboda tokar Merapi, dutsen da amansa na 2010 ya hallaka mutum fiye da 350, amma manoma suka koma gindinsa suka ci gaba da noma.

Wuri na ƙarshe da na daɗe shi ne ƙauyen Giriloyo a yankin Bantul, inda girgizar ƙasar 2006 ta yi mummunar ɓarna, kuma inda mata ke zanen yadin batik da hannu. Mace takan zauna a 'yar kujera, ga ƙaramin kasko na narkakken kaki a kan wuta, ta ɗebo da wani ɗan cokalin tagulla mai siririn baki, ta hura bakin sau ɗaya, ta bi zanen ɗigo bayan ɗigo. Inda kaki ya taɓa rini ba ya kamawa, don haka sai a tsoma yadin a baba, a sake shafa kaki, a tsoma a rinin sassaƙe mai ruwan ƙasa, a ƙarshe a tafasa kakin ya fita. Yadi mai kyau yakan ci watanni. Daga wannan sana'a ce Turawan Holan suka kwaikwayi bugun yadi da inji a ƙarni na 19, da bai karɓu a Jawa ba sai ya samu kasuwa a gabar Afirka ta Yamma, ya zama atamfar da ake zubawa a lefe. A nan ban nemi fuska ba, hannuwa na ɗauka, da hasken taga kawai, domin walƙiyar kyamara takan kashe tururin da ke tashi daga kaskon.

Kafin in bar birnin na wanke hotunan 'yan dakon Beringharjo a wani shago, na kai wa kowace nata, wasu kuma suka sa na ƙara wanke na aika wa 'ya'yansu. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin tafiyata ta jirgin ƙasa zuwa Surabaya, da zaman da na yi da masu dakon jiragen ruwan katako a tashar Kalimas.