Injin haɗe-haɗe da yoyon da ya ƙi tsayawa

Ran Talata da hantsi wani Alhaji mai jigilar doya ya turo aboboyarsa, wato keken ɗaukar kaya mai taya uku, garejina a nan Aboabo, cikin Kumasi. Injin ya yi baƙi ƙirin tun daga fulogi har ƙasa, ƙura ta bi man ta daskare kamar an shafe shi da daddawa. Sau uku ke nan, in ji shi, ana canja masa gaskit ɗin kai, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da silinda, cikin wata biyu. "Masta, anya ba hannu aka sa wa keken nan ba?" Na ce Alhaji zauna ka sha ruwa tukuna, bari mu ji ta bakin injin.

Keken ba na kamfani ba ne. Mai walda ne ya ƙera bodin, ya ƙara masa tsawo don ya ci kaya, injin kuwa tsince-tsince ne daga Magazin ta Suame, unguwar makanikai da kayan gyara: gindi daga nan, silinda daga can, kai daga wani wuri. Duk jikokin injin babur ɗin Honda samfurin CG ne da 'yan Sin ke kwaikwaya, shi ya sa suke shiga juna har mutum ya ɗauka abu ɗaya ne. Faɗin bakin silindar injin 150 milimita 62 ne, na 200 kuwa 63.5, na 250 kuma 67. A jikin gindin injin Alhaji an buga 200, duk wanda ya taɓa keken da wannan lambar ya je shago sayen gaskit. Da na auna silindar sai ga 67. Gaskit ɗin 200 ya yi mata kaɗan, gefensa yana leƙe cikin wuta, ina zai yi kwana talatin?

Amma ban fara da kwance noti ba. Na sa yarona ya wanke injin tas da kalanzir, ya bushe, muka barbaɗe shi da hodar jarirai, muka tayar. Inda mai ya fara ɓata farin hodar, nan ne ƙofarsa. Sau da yawa robar murfin bawul ce ke zuba, man ya gangaro ya taru a bakin kai, a ɗora wa gaskit laifin da ba nasa ba. Wannan karon dai daga mahaɗar kai da silinda ya tsatso, ta gefen da mai ke hawa zuwa sama. A wurin akwai wani ɗan zoben roba, bai kai zoben yatsa ba, shi ke tsare hanyar man. Da muka ɗaga kai babu shi. Jan gam aka dumbuza a madadinsa, har wani guntu ya tsinke ya kusa toshe hanyar. Da ya toshe, da yanzu maganar sabon kai muke yi.

Wannan gam ɗin shi ne ciwon raina. Yaro ya yi wata shida a gaban masta, ya sayi sufana uku, ya kafa laima a bakin titi, kowane yoyo maganinsa gam. Kuɗinsa kaɗan, aikinsa minti ashirin, mai keke ya tafi yana murna. Bayan sati biyu sai a kawo mini, kuma ni za a tsaya ana ja da ni a kan sidi ashirin.

Ni shekara bakwai na yi a Magazin kafin maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya sallame ni. Yana da wani gilashi mai kauri da ya ciro daga tsohon teburi, ba mai taɓa shi sai da izini. A kansa ake manna samfefa mai lamba 400, a ɗiga ruwa, a kifa kan injin a yi ta murzawa ana zana 8. Farkon zuwana na ɗauka horo ne. Da na gaji na koma goga gaba da baya, sai na ji ranƙwashi a ƙeya. "Kai yaro, wuƙa kake wasawa?" Ya shafa wa fuskar kan baƙin alƙalami, ya murza sau biyar, ya ɗaga ya nuna mini: inda baƙin ya rage, nan ne kwari. Har yau haka nake yi, kuma gilashin nan yana garejina, iyalinsa suka ba ni.

Kan injin Alhaji ya ɗan karkace, zafi ne da lodin da ya wuce kima. Na aza miƙaƙƙen ƙarfe a kai, siririn ma'auni mai kaurin milimita 0.05 ya wuce ta ƙasa salin alin. Kusan awa guda muna kan gilashi kafin baƙin ya goge bai ɗaya. Ɗaya daga cikin dogayen kusoshi huɗun da ke ɗaure kai da silinda kuma yana juyawa ba ya kamawa, an ɗaure shi da ƙarfin tuwo har ya cinye haƙoran gindin, sai da muka dasa masa sababbi. Bututun da injin ke numfashi ta ciki ma mun same shi cike da laka, iskar da ta rasa hanya ita ke tura mai ta duk kafar da ta samu.

Gaskit na je na zaɓo da kaina, da ma'auni a aljihu, don rubutun jikin leda ya daina ba ni tabbaci. Akwai wanda za ka lanƙwasa ya tsage kamar kwalin sukari, kuma mai shago ya rantse maka na asali ne. Ɗauri kuwa da sufana mai awo nake yi, a giciye, kaɗan-kaɗan har zagaye uku, ba a gama noti ɗaya kafin a taɓa ɗan'uwansa.

Na ce wa Alhaji ya yi kwana uku yana aiki, ya dawo da sassafe injin na sanyi in sake bin notocin, ba sai ya biya komai ba. Ya dawo ran Asabar, na sake barbaɗa hoda, ya je kasuwar Kejetia da lodi ya komo tana nan fara fat. Ya sauke mini doya biyar, sannan ya tambaya ko zan iya ƙara wa bodin ƙafa biyu. Na ce Alhaji, wannan kam nemi mai waldarka.