Na bi sawun filawud daga Panteka har Mushin

Tsadar filawud ce ta tashe ni daga Kaduna. Duk uban amaryar da ya zo shagona a Panteka yin gado da kabad sai ya ce na tsawwala, ni kuma dillalai su ce min dala ce. Sai na ce bari in je Legas in saro da hannuna. Hanyar Lokoja zuwa Ibadan babu abin faɗa sai ciwon baya.

Kawuna na Idi-Araba ya sauke ni, ya hana ni kashe ko kwabo, har tuwon shinkafa ya sa aka yi min don kada amala ta kore ni. Da safe ya ce, "Ɗana, a garin nan ba a taya kaya da muryar baƙo, bar ni in fara." Muka nufi kasuwar katako ta Amu a Mushin, wadda gobara ta cinye a Janairun 2020. Falle-fallen filawud da MDF (allon da ake matsawa daga garin katako) masu ƙafa 4 da 8 ne jibge har rufi, akasari da tambarin China. Wata mata mai shago ta faɗi kuɗi, na juya irin yadda muke yi a gida ina jiran a kira ni. Ko kallona ba ta yi ba. A Kaduna da an riƙo min riga, an tambayi iyali. Sai da Kawu ya yi mata Yarbanci ta rage, ragin da kuɗin mota zai lashe.

A shagon na haɗu da wani ejan mai fito da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, shi ya warware min lissafin. Tun 2015 Najeriya ke bin jadawalin kuɗin fito na ECOWAS mai hawa biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Ɗanyen kaya fitonsa na ƙasa-ƙasa, wanda aka gama ƙerawa fitonsa na sama, don haka rigimar duk a kan na tsakiya take: wannan allon kayan aikin kafinta ne, ko kujera ce da ba a haɗa ba? Layi ɗaya a takarda na iya sauya kuɗin kwantena. Ga harajin VAT na kashi 7.5, ga kuɗin kwana idan kaya suka makale a tasha. Fiton ma da farashin dala ake lissafa shi, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 lissafin ya haukace. Kafin nan, filawud na cikin kaya 41 da babban banki, CBN, ya hana wa dalar gwamnati a 2015, sai a Oktoban 2023 aka janye.

Abin da ya fi ci min rai shi ne itacen namu ne ke fita. Madobiya, wadda 'yan kasuwa ke kira kosso, an yi ta kwasarta daga dazukan Taraba zuwa China har CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin itatuwa da dabbobin da ke barazanar ƙarewa, ta dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018. Gungume da tsagaggen katako suna cikin kayan da doka ta hana fitarwa, amma mutum ya sassaƙe gefe huɗu ya ce ai an ɗan sarrafa. Gabon ta hana fitar da gungume a 2010, masana'antun fere itace suka kafu a can. Mu kuwa Sapele ta jihar Delta, da ta yi suna da filawud tun zamanin Turawa, sai dai labari.

A dawowa wani jami'i a shinge ya jujjuya rasit ɗina, ya ce, "Kai aboki, ina takardar shigo da kaya?" Kayan da na saya a kasuwa tsakar rana! Muka sha rana har direba ya san yadda ya yi. Mun shigo Kaduna da asuba ta Kakuri, inda tashar tsandauri da aka buɗe a 2018 take, fallaye uku sun ɓare a gefe saboda igiya. Kawu ya bugo waya yana tambaya ko na ci riba, na ce sai na sayar tukuna.