TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 14: Kwana huɗun da na yi ina cewa lafiya lau

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a daren da saƙon nan ya shigo, ku yi haƙuri da yadda na yanke, hannuna ne ya kasa ci gaba. Yau zan ɗora daga nan.

Rana ta 412 kenan da tashinmu, mu biyar a cikin kumbo, mun miƙi hanyar duniyar Jufita. Ni ce a kan sadarwa, duk abinda ya taso daga duniya ta hannuna yake bi, kuma a lokacin saƙo sai yayi minti 31 a hanya kafin ya iso mana duk da gudun haske yake yi, kilomita dubu 300 a daƙiƙa ɗaya, to kunga babu zancen ɗaga waya a ce hello, sai dai ka tura ka zauna jira. Wasiƙun iyali bana buɗewa, amma wannan da jan tambari ta zo, da 'yar takardar likitan cibiyarmu ta duniya a samanta, layi uku kacal. 'Yar Baba, wato injiniyan kumbonmu, ce, wadda kullum yake ƙirga mana kwanakin haihuwarta. Ta haihu namiji, yaron yana raye, ita kuma Allah ya karɓi abarsa.

Kyaftin ya kira mu ni da Likita ɗakin ajiya, can tsakanin jakunkunan abinci kusa da babbar fanka inda ƙara take cinye magana. Yace ba za a faɗa wa Baba ba sai bayan kwana huɗu, in ya dawo daga fita gyara a wajen kumbo.

Dalilinsa ba na banza bane, dole in faɗi gaskiya. Famfon amoniya na waje guda ɗaya ya mutu tun sati biyu kafin nan, saura ɗaya muke lallaɓawa. A sararin samaniya babu iskar da zata kwashe zafi, duk zafin injina da na jikinmu amoniyar nan ce take ɗaukarsa ta kai faifan da suke fitar da shi, in na biyun ya tsaya mu da kwamfutocin duka zamu dahu. Irin wannan famfon da ya lalace a ISS, tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, a 2010 sai da aka fita waje sau 3 kafin a canza shi, mu kuma fita ɗaya muke da halin yi, kuma Baba ne kaɗai ya san kowane ƙusa na wurin. Kyaftin yace ku tuna a nan hawaye baya zuba, taruwa yake a ido ya zama ƙwallon ruwa, in mutum yana cikin hular rigar fita ba hannun da zai kai ya share. Ya kawo misalin ɗan sama jannati Chris Hadfield da maganin goge gilashi ya shiga idonsa a 2001 yana waje, hawaye suka taru har ya daina gani da idon biyu na wani lokaci. Ya kawo Georgy Grechko da mahaifinsa ya rasu yana tashar sararin samaniya ta Salyut 6, aka sanar da kwamandansa Romanenko, shi kuma bai ji ba sai da suka sauko a 1978. Yace an taɓa yi, ba a kanmu farau ba.

Likita tace Yallabai an taɓa yin ɗayan ma, Daniel Tani yana ISS a Disambar 2007 mahaifiyarsa ta rasu, ba a ɓoye masa ba. Kuma tace abinda ya fi wannan, kafin mu taso kowa ya cike takarda ko yana so a faɗa masa mummunan labari nan take ko a jira, Baba da hannunsa ya rubuta a faɗa masa nan take, ita ce shaida. Kyaftin yayi shiru, can yace na sani, alhakin a wuyana.

Sai suka juyo suka kalle ni. Ni ce ƙarama a kumbon, shekarata 29, sa'ar marigayiyar. Ban ce komai ba, kai kawai na ɗaga. Har yau ɗaga kan nan yana damuna fiye da duk ƙaryar da ta biyo baya.

To ga inda matsalar take. Dokar kumbonmu ce abincin dare tare ake ci, kowa ya saƙala ƙafarsa a madaurin ƙasan tebur, a yi minti arba'in ana kallon juna. Mutum biyar, sama da shekara a wuri ɗaya, wallahi hira tun wajen kwana na ɗari ta ƙare. Kowa ya san labarin yarintar kowa, ya san inda zai yi dariya a ciki. Ba ruwan sama balle a ce ya damina, ba rana ba sanyi, ba wanda ya dawo daga wani wuri balle a ce ya hanya. Abinda ya rage mana gaisuwa ce da 'yan ƙananan maganganu, ya aiki, an yi barci kuwa, wa ya bar almakashi yana yawo, latas ɗin nan ya ƙara ganye. Da na raina su, ina ganin ɓata baki ne. Daga baya na gane da su muke auna juna, in mutum ya amsa lafiya lau da sauri ko ya ja ta, a nan kake sanin yadda ya kwana.

Baba kuma shi ne bai taɓa sakin gaisuwa ba. Kowa sai ya bi shi ɗaya bayan ɗaya, ya mutanen gida, an ji daga gare su, ya mai jiki. In ya zo kaina sai ya ƙara da tasa tambayar, Auta akwai wasiƙa?

Daren farko nace babu Baba, babbar eriya ce take ɗan ba da matsala, bayanan aiki kawai ke wucewa. Kyaftin ne ya bani wannan amsar in riƙe. Baba yace to Allah ya kyauta, ya ci gaba da matsa shayinsa daga leda.

Abinda ya rufa min asiri fuska ce. In babu nauyi ruwan jiki sama yake tahowa, fuskar kowa a kumbure take, ido ya ƙanƙance, hanci a toshe kamar mai mura, muryar kowa ta canza. Wanda ya kwana yana kuka da wanda ya kwana yana barci duk kamarsu ɗaya. Da a duniya ne kallo ɗaya Baba zai min ya gane.

Na biyar ɗinmu matuƙi ne, Yaya nake ce masa, shi bai san komai ba amma ya ji iskar wurin ta canza, kuma ya ɗauka a kansa ne. Dama sun yi wata guda suna 'yar tsama da Likita a kan lokacin injin gudu, kowa dole yayi awa biyu na motsa jiki kullum don ƙashi kada ya zube, shi kuma kullum sai ya ci mata minti goma. Ƙaramin abu ne amma a wuri irin wannan ƙaramin abu baya zama ƙarami, a horo an sha ba mu labarin Lebedev da Berezovoy da suka yi kwana 211 a Salyut 7 a 1982, mafi yawan lokacin su biyu rak, har ta kai suna daɗewa ba mai ce wa wani uffan. Yaya yana tsoron mu kai can, sai ya ɗora wa kansa aikin cike shiru. In tebur yayi tsit sai ya fara, kun san saura kwana 24 mu kamo Polyakov, mutumin nan kwana 437 yayi a tashar Mir, ya kamata mu shirya 'yar walima. Ba wanda ya tanka. Ya koma kan latas, yace ganyen gefen hagu ya fi na dama kore ko idona ne. Likita tace idonka ne. Kyaftin yace a'a kamar dai ya fi. Muka yi kusan minti biyar manya da mu muna tattauna koren ganye, kowa ya riƙe zancen kamar igiya, don mun san in ya tsinke abinda zai biyo.

Dare na biyu ne ya tsinke. Yaya ya juya yana murmushi yace Baba ango, yau saura kwana nawa ka zama kaka, ka dai zaɓi suna ko? Baba yayi dariya har haƙoransa suka fito, yace ai lissafina ya cika tun shekaranjiya, ina jin yaron nan jira yake eriyar Auta ta gyaru kafin ya fito. Yace ita uwar tun tana ƙarama bata son a gaggauta ta, ko takalmi zata sa sai ta ga dama.

Cokalin Likita ya kuɓuce daga hannunta. Kun san a can abu baya faɗuwa, tafiya yake a hankali yana juyawa, duk muka bi shi da ido har ya je ya manne a ragar fanka, ba wanda ya miƙa hannu. Kyaftin ya gyara murya yace Auta nawa awon gurɓatacciyar iska yake yau, kaina yana ɗan sarawa. Ba aikina bane, aikin Baba ne, kowa ya sani. Baba ya kalle shi yace awon daidai yake Kyaftin, da safe na canza matatar iska. Kyaftin yace to madalla. Yaya ya kalli wannan ya kalli wancan, yace in dai a kan injin gudu ne Likita kiyi haƙuri na daina. Likita tace ba komai Yaya, wallahi ba komai, ta zare ƙafarta ta fita bata gama cin abincin ba.

Ni dai ina nan ina tauna abinda ban san ɗanɗanonsa ba.

Rana ta uku ita ce ta fi min nauyi. Ina ɗakin sadarwa Baba ya leƙo, yace 'yata ga wannan, in hanya ta buɗe ki fara tura shi kafin komai. Saƙon murya ne na minti shida zuwa ga 'yarsa. Ban saurara ba, amma ɗakin da ya ɗauka bango ɗaya ne tsakaninmu kuma bangon kumbo ba kauri gare shi ba, naji yana ce mata kada ta ji tsoro, naji yana mata addu'a, naji yana rera wata 'yar waƙar reno da yace da ita yake lallashinta tana jaririya. Na karɓa nace to Baba. Na kai wa Kyaftin, yace ki ajiye. Na ajiye shi a layin fita na sa masa alamar dakatarwa, duk sanda na buɗe allo shi ne a sama, da sunanta a jiki.

Bana son ku ɗauki Kyaftin mugun mutum. A daren nan na same shi a tagar gaba shi kaɗai ya kashe fitila, rana ta koma 'yar ƙarama a bayanmu, duniya kuma sai ka san inda zaka duba kafin ka ga ɗigonta. Yace Auta kina ganin na yi kuskure ko? Nace Yallabai Baba ya rubuta da hannunsa. Yace rayuka biyar ne. Nace na sani. Yace to ki bani kwana ɗaya. Mutum ne da ya ɗauki kaya shi kaɗai yana ganin yana sauƙaƙa mana ne, amma ni a ganina, a lokacin da kuma yanzu, labarin nan na Baba ne, 'yarsa ce, ba mu da hurumin riƙe masa shi ko na awa ɗaya, kuma mun yanke masa hukuncin cewa ba zai iya ɗauka ba ba tare da mun tambaye shi ba, mutumin da ya girme mu duka.

Daren ƙarshe kafin fita an ci abinci da wuri saboda da asuba Baba da Yaya zasu fara shaƙar zallar iskar oksijin, sai an fitar da naitirojin daga jini kafin a shiga rigar fita, in ba haka ba ya taso kamar kumfa a gaɓoɓi. Hirar daren bata wuce jerin kayan aiki ba, sifana lamba kaza, igiyar tsaro, batir. Baba ya bi kowa da gaisuwa kamar kullum, ya mutanen gida Kyaftin, lafiya lau, ya mutanen gida Likita, lafiya lau Baba. Da ya zo kaina sai yace Auta ya gajiya, nace ba gajiya. Na jira ɗaya tambayar. Bai yi ba. Ya naɗe ledar abincinsa tsaf ya sa a kwandon shara yace sai da safenku.

Na shiga ɗakin barcina, wanda bai fi akwatin kaya a tsaye ba, na zuge jakar barci na kunna 'yar fankar kaina, barci ya ƙi zuwa. Wajen ƙarfe ɗaya agogon kumbo naji an ƙwanƙwasa a hankali sau biyu. Na buɗe, Baba ne, riƙe da ƙaramar kwamfutarsa ta aiki, hasken allon yana haska fuskarsa.

Yace Auta ki yafe min na tashe ki. Nace ban yi barci ba Baba. Yace eriyar nan na duba ta shekaranjiya, na duba jiya, yanzu ma daga wurinta nake, lafiyarta lau, ko sau ɗaya bata yanke ba. Ya juyo min allon, ga jerin duk abinda ya shigo a satin, ga layi ɗaya da jan tambari, daren rana ta 412.

Yace ban buɗe ba, ba hurumina bane in buɗe ta bayan gida. Ke nake so ki faɗa min da bakinki, 'yata. Ita ce ko yaron?

Zan tsaya nan. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.