Ƙurar Hunturu da Laimar Marka: Darussan Riƙon Kyamara a Kaduna

Kyamara a Kaduna maƙiya biyu gare ta, kuma karɓa-karɓa suke yi. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris ƙura ke mulki, daga Mayu zuwa Oktoba laima ta karɓa. Darasi na farko da na koya a harkar ɗaukar hoto ta sha'awa shi ne, dabarar da ke kare kyamara a ɗaya daga cikin lokutan nan ita ke cutar da ita a ɗayan. Na biyu ya fi ciwo: yawancin ɓarnar da ake ɗora wa ƙura, hannun mai gogewa ne ya yi ta.

Ƙurar hunturu laushinta a ido ne kawai. Iskar arewa maso gabas ke kwaso ta daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, kuma a cikinta akwai ɓarɓashin yashi da ya fi gilashi tauri. Wanda ya ga lensinsa ya yi furu-furu, ya kama bakin riga ko gefen hirami ya murza, samfefa ya sa masa. Ba a ganin illar a ranar. A hankali siririn shafen da ke kan gilashin, wanda ke hana haske warwatsewa, zai cika da ƙananan zane, sai a wayi gari duk hoton da aka ɗauka ana fuskantar rana ya fito kamar an watsa masa madara. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Gogewa mataki uku ce, kuma ba a tsallake. A fara da ɗan zugazugin robar nan da ake matsawa da hannu: a kifa lensi ƙasa a hura sau biyar ko shida, don abin da ya tashi ya faɗi ƙasa, kada ya koma inda ya fito. Sai burushi mai laushi wanda yatsa bai taɓa gashinsa ba, domin maiƙon hannu na bin gashin ya hau gilashi. Ƙyalle shi ne na ƙarshe, irin na goge tabarau, kuma sai in akwai shatin yatsa ko tabon ruwa. Ɗigo ɗaya na ruwan goge lensi a kan ƙyallen, ba a kan gilashin ba, don kada ya silale ta gefe ya shiga ciki. A fara daga tsakiya ana zagayawa zuwa baki, ba dannawa. Ƙyallen ma yana son jakarsa ta leda. In ya kwana a aljihu da ƙurar Ahmadu Bello Way, ya tashi daga aiki sai an wanke shi. Hurawa da baki kuwa a bar ta, yawu ne ke fita da iskar.

Inda hankalin sabon shiga ya fi tashi shi ne ranar da ya ga ɗige-ɗige masu duhu a sararin samaniyar hotonsa, a wuri ɗaya, a kowane hoto. Wannan ba daga lensi ba ne, ƙura ce a kan sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara. Gwajinta bai kai minti biyu ba. Sa ƙofar haske, wato ramin da haske ke bi a cikin lensi, a f/16 ko f/22 (girman lamba, tsukewar ƙofa), ISO, ma'aunin jin hasken sensa, a 100, kawar da fokas da hannu har komai ya dushe, ka ɗauki farar takarda ko sararin sama. Buɗe hoton a kwamfuta ka faɗaɗa shi. Abin da ya sa ƙurar ke ɓoyewa a f/2.8 ta bayyana a f/16 shi ne, ba a kan sensar kanta take zaune ba, a kan wani ɗan gilashi ne da ke gabanta, inuwarta kake gani. In ƙofa ta tsuke inuwar sai ta yi kaifi. Ka kuma tuna cewa hoto a kife yake sauka, don haka ɗigon da ke sama a hoto yana ƙasa ne a kan sensa.

Maganin farko shi ne umarnin share sensa da ke cikin kyamarar, wanda ke girgiza gilashin. In bai yi ba, a cire lensi, a kifa kyamara, a hura da zugazugi ba tare da bakinsa ya shiga ciki ba. Mai kyamarar da ke da madubi a ciki ya tabbata batir a cike yake kafin ya ɗaga madubin, domin in wuta ta ƙare ana tsakiyar aiki, madubi da labulen ƙyaftawa za su rufo kan abin da ke ciki, gyaran kuma ba na ƙaramin kuɗi ba ne. Abin da ya ƙi tashi da iska sai tsinken goge sensa na musamman, daidai girmanta: mai faɗin milimita 16 ga ƙaramar sensa ta APS-C, mai 24 ga babba. Ɗigo ɗaya ko biyu na ruwansa, a ja sau ɗaya daga gefe zuwa gefe, a juya tsinken a dawo, a jefar da shi. Audugar goge kunne ba ta da gurbi a nan, zare take bari. Wanda hannunsa ke rawa ya kai wa mai gyara, ba abin kunya ba ne. Kuma a ganina ɗigo biyu ko uku da ba sa fitowa sai a f/22 ba su isa a buɗe kyamara dominsu ba.

Hanyar da ƙura ta fi shiga ita ce lokacin canja lensi. A kashe kyamara tukuna. A kwance murfin bayan sabon lensin a shirya shi a hannu, a juya wa iska baya, bakin kyamara na kallon ƙasa, a gama cikin daƙiƙa biyar. Cikin mota da gilashi a rufe ya fi ko'ina a waje. Lensi mai zuƙowa, irin wanda ke tsawo yana komawa, shi ma famfo ne: duk miƙewa yana shaƙar iska da abin da ke cikinta, saboda haka a share jikinsa kafin a mayar da shi.

A wurin hawan sallah a Zariya, ko wasan folo, duk wannan bai isa ba. Idan dawakai suka zabura zuwa jafi, ƙurar da kofato ke tayarwa takan rufe mahaya har sai kan rawani kawai ake hange, minti ɗaya bayan nan kuma ka shafa girarka ka ji yashi. A irin wannan wuri lensi ɗaya ake zaɓa tun daga gida, ba a cire shi har a koma. A zura kyamara cikin leda mai haske, a huda gindinta daidai bakin lensi, a ɗaure da kyauro a kan malfar lensin. Filta mara launi a gaba tana da amfani a nan, gara ita ta sha zanen. Saurin ƙyaftawa kada ya gaza 1/1000 na daƙiƙa in ana son doki ya tsaya cak a hoto. Sai matsalar fararen kaya: ma'aunin hasken kyamara yana ɗaukar komai a matsayin toka-toka, in babbar riga fara da rawani suka cika hoto sai ya rage haske, fuskar mai rigar ta nutse cikin duhu. Ƙara haske da +0.7 ko +1, ka kunna alamar da ke ƙyalli inda fari ya ƙone, ka tsaya daidai inda aikin zaren wuyan rigar bai ɓace ba. Ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, na ba da damar ceto fuskar daga baya.

Hunturu ba sharri ne zalla ba. Hazon nan yana tausasa rana, inuwar da ke zama a ƙarƙashin ido da hula ta ragu, hoton fuska ya yi kyau ko da hantsi. Nesa ce dai ba ta fitowa. Wanda ke son faɗin Kogin Kaduna da tsallakensa tas-tas ya jira washegarin ruwan sama.

Da damina ta kankama labari ya juya. Mutumin da ya saba ƙunshe kyamara a jaka ya cusa cikin kwaba don gudun ƙura, in ya ci gaba da haka a watan Agusta, ya gina wa funfuna ɗaki. Abu uku take so: duhu, laima, da iskar da ba ta motsi. A marka laimar iska a Kaduna takan haura kashi 80 cikin ɗari, funfuna kuwa daga wajen kashi 70 take fara yaɗuwa. Cire murafen lensi biyu, haska tocilan ta baya, ka leƙa ta gaba. In ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo ko jijiyar ganye yana tasowa daga gefe, ita ce. Tun tana ƙarama mai gyara na iya kwance lensin ya wanke. In ta daɗe takan ci shafen gilashin, tabon ya zauna har abada. Lensin da ya kamu a ware shi daga sauran.

Rigakafin bai da tsada. Roba mai murfi da ke rufuwa gam, mai cin lita 10 zuwa 15, da ƙwayoyin silika masu tsotse laima kamar giram 100 a cikin tsohuwar safa mai tsabta, da ɗan agogon auna laima. Abin nema shi ne allura ta zauna tsakanin 40 da 50. In ta yi ƙasa da 35 a rage silikar, domin bushewa da yawa ba ta yi wa robobi da man da ke cikin lensi daɗi. Da hunturu ma, da iska ke bushewa ƙayau, a cire ta gaba ɗaya a bar robar don ƙura kawai. 'Yan ƙullin da ke zuwa cikin kwalin takalmi sun riga sun sha sun ƙoshi. A nemi mai canja launi: ruwan lemo kan koma kore, shuɗiya kan koma ruwan hoda. In ta canja a baza ta a faranti a gasa a wuta mai sauƙi, wajen digiri 120, awa ɗaya zuwa biyu, ta dawo sabuwa. Jakar fata da igiyar wuya da ta sha gumi kada su shiga robar.

Akwai kuma raɓa. Kyamarar da ta yi sanyi a mota ko ɗaki mai na'urar sanyaya iska, in aka fito da ita cikin iskar damina, nan take gilashinta zai yi gumi, ciki da waje. A bar ta a rufe cikin jaka minti 20 zuwa 30 ta saba da ɗumin waje. In ruwan sama ya jiƙa ta sosai, a kashe, a cire batir da memori, kada a kunna don a gwada, kunnawar ce ke ƙona ta.

Batir da memori maganarsu gajeriya ce. Yawancin kyamarori an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 40, cikin motar da aka bari a rana da bazara kuwa yakan wuce 60. Kada caja ta kwana a soket, dawowar wuta da ƙarfi ko tashin janareta na kashe ta. Batirin da za a ajiye a bar shi da rabin caji, wanda ya kumbura a rabu da shi. Memori a yi masa fomat a cikin kyamara bayan an kwafe hotuna wuri biyu. Na jabu sun yi yawa a kasuwa, a rubuta 64GB alhali cikinsa bai kai ba, sai ya riƙa cinye tsofaffin hotuna. Manhajar H2testw tana tona asirinsa kafin a ba shi amanar biki. In aka goge hoto bisa kuskure, a daina ɗauka a kan katin nan take, manhajar PhotoRec kan dawo da shi.

Hoto kuma don a gani ake ɗaukarsa. WhatsApp yana matse hoto in an tura shi kai tsaye, mai son 'yan'uwa su ga ainihin aikinsa ya tura shi a matsayin takarda, wato Document. A fitar da shi a tsarin launi na sRGB, in ba haka ba jan lalle da shuɗin baba su fito a koɗe a wayar mutane. Sunan fayil da ya fara da ɗan layi a ƙasa, kamar _DSC, alama ce an saita kyamarar a wani tsarin launin, Adobe RGB, ba sRGB ba. Hoton waya da aka tura a matsayin takarda yana iya tafiya da bayanin wurin da aka ɗauke shi, a duba wannan in a cikin gida ne. Mutane kuwa a nemi izininsu, musamman mata da yara, sallama da nuna musu abin da ya fito na buɗe ƙofar da dogon lensi ba ya buɗewa. Garin nan cike yake da barikoki da makarantun soja, kusa da su kyamara ta zauna a jaka.

Wanda ya nuna hotonsa na farko, "ya yi kyau" ba ta ƙara masa komai, kushe kuma na iya sa ya ajiye kyamara. Abin da na ga yana raya mutum shi ne a faɗi abu ɗaya takamaimai da ya dace, "hasken da ya faɗo a kafaɗar mai shayin nan ya zauna daram", sannan gyara ɗaya da zai iya yi gobe, "da ka matsa taku biyu hagu, da turken lantarkin bai tsiro daga kansa ba". Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai turawa shi ma ya haɗa da lambobin da ya yi aiki da su, ƙofar haske da sauri da ISO, don mai duba ya gane ko rawar hannu ce ta dusar da hoton ko fokas ne ya kauce. In lensi mai milimita 200 ne aka ɗauka a 1/60 da hannu, an ga amsa: rawar hannu ce.

Tsohuwar kyamara ko waya kada ta sa kowa jin nauyin fitowa. Mutum uku ko huɗu sun isa: a haɗu a wurin shaƙatawa na Gamji bayan la'asar, kowa da lensi ɗaya, a tsaya wajen gadar ƙarfen nan ta Gwamna Lugga da aka gina a Zungeru a 1904 kafin a kawo ta Kaduna. Daga ƙarfe biyar zuwa magariba hasken na canjawa kusan kowane minti goma. Kowa ya ɗauki hoto ashirin, ya zaɓi uku ya nuna, a kwatanta yadda ido huɗu suka ga gada ɗaya.