Ranar da muka taɓa na'urar hange, yaƙin ya sauya kama

Aikina a ɗan rukuninmu shi ne gwada wasan kwamfuta na yaƙin kumbuna a sararin samaniya, in tabbatar babu ɓangaren da ya fi ƙarfin ɗan'uwansa. Da na fara, hankalina duk yana kan makamai: ɓarnar igwa, kaurin sulke, gudun kumbo. Na'urar hange kuwa ban ɗauke ta a bakin komai ba.

A tsohuwar ƙa'idarmu, kumbo yana ganin duk abin da ya shigo da'irar da ke kewaye da shi, shi ke nan. Dabara ɗaya ce tak ke ci: tara kumbunanka wuri guda, ka auka wa wanda bai kai ka yawa ba. Lissafi ma yana goyon bayan haka. Tun 1916 wani injiniyan Birtaniya, Frederick Lanchester, ya nuna cewa a faɗan harbi daga nesa, mai mayaƙa 20 ya ninka mai 10 ƙarfi har sau huɗu. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne sharaɗin da ke ƙarƙashin lissafin: sai in kowa yana ganin wanda zai harba.

Sai muka raba hangen gida biyu, yadda yake a zahiri. Ko dai ka kunna na'urar rada (radar) ka aika saƙo ya bugi abokin gaba ya dawo, ko ka yi shiru kana saurare. Saƙon rada tafiya biyu yake yi, zuwa da dawowa, shi ya sa yake saurin raunana. In kana son ninka nisan ganinka sau biyu, sai ka ƙara ƙarfin na'urar sau 16. Mai saurare kuwa tafiya ɗaya kawai saƙon ya yi kafin ya iske shi. Kenan mai kunna rada kamar mai riƙe da fitila ne cikin duhu, ana hango shi tun kafin shi ya ga kowa.

Ba mu taɓa ko makami ɗaya ba, amma babbar rundunar nan ta watse. Ƙananan kumbunan leƙen asiri, waɗanda a da ba mai ɓata dukiya a kansu, suka zama idon runduna. Ɗaya zai kunna rada can gefe ya jawo hankali, manyan su lallaɓo ta wata kusurwa. Na ji daɗin wannan ƙwarai, har yanzu ma ina ganin nan ne wasan ya fara numfashi.

Kuskurena ya biyo baya. Na amince da ƙa'idar bayan na gwada ta da kwamfuta tana fafatawa da kwamfuta, ita kuwa ba ta san tsoro ba. Da mutane suka zauna, kowa ya kashe radarsa ya laɓe yana jiran ɗan'uwansa ya fara motsi. Wasa ya tsaya cik. Da muka sa zafin inji ya riƙa tona asirin kumbon da ya ƙara gudu, muka kuma sa wuraren haƙar ma'adinai su riƙa bayyana mai riƙe da su, sannan ɓuya ta zama abin da ake biyan farashinsa.

Manyan wasanni ma sun bi ta nan. Stellaris ya mayar da nisan hange zuwa ƙidayar zangon hanyoyin taurari a 2018, ya kuma shigo da ɓoye kumbuna a 2023, kowanne ya tilasta wa 'yan wasa sake tunanin tsaron iyaka.

Yanzu duk sauyin da ya shafi hange, sai na zaunar da mutum biyu na tsaya bayansu ina kallon inda suke jinkiri. A makon jiya wata mai gwaji ta ɓoye kumbunanta cikin tarkacen wani kumbo da aka tarwatsa, zafinsa ya rufe nasu. Ba mu tsara hakan ba, kuma ina ta roƙon abokan aikina su bar shi yadda yake.