Asabar: abin da na ajiye a D

Kwamfutar ta dawo. Da wannan zan fara, tunda wasunku sun yi ta tambaya tun ranar Alhamis da na ce ta mutu a hannuna ina tsakiyar shigar da makin 'yan aji uku. A kanta nake wannan rubutun yanzu, kuma kafin ka ce kwabo ta tashi, ita da a da sai in kunna ta in je in yi alwala in dawo tana nan tana juyi.

Da sassafe na sauke Ummi a islamiyya, na wuce Farm Centre, laftof a jaka, ɗan faifan waje a aljihun gaba. Yaron da ke yi min gyara ya kunna ta sau ɗaya, ya kara kunne, muka ji ƙas, ƙas, ƙas ɗin nan, nan take ya kashe. Ya ce, "Malam, faifan ya tafi. Allurar ciki ce take bugawa. Kada ka ƙara kunna shi, duk kunnawa ƙara kankare shi take yi." Ya cire shi ya sa min SSD, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, ya ɗora Windows 10. Ya tuna min cewa tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina kula da shi, tsohuwar tawa kuma ba ta cika sharuɗɗan ɗaukar 11 ba. Na ce wannan maganar wata rana ce.

Sai muka jona faifan waje. Kun san tun da aka sace ta Baffa da duk aikin digirinsa a ciki na kunna File History, tsarin Windows mai ajiye kwafin fayiloli, duk Juma'a da yamma in jona faifan in bar shi ya kwashi abin da ya canja. Yau ranarsa ta zo. Muka nuna wa sabon Windows tsohuwar ajiyar, foldodi suka jeru da kwanan watansu, na danna koren maɓallin maido da fayiloli, muka zauna muna kallon fayiloli suna komawa mazauninsu. Tambayoyin jarrabawa na shekara huɗu, hotunan sunan Auta, lissafin adashen Maman Ummi, har takardar filin Baba da na ɗauka a hoto. Manhajoji dai sai da muka sake saukewa, don File History ba ya ajiye su. Aikin kwana shida kawai na rasa, shi ma makin yana nan a takarda. Wallahi daɗi ya cika ni. Na tsaya na sayi balangu na shiga gida da shi, Maman Ummi tana cewa yau Abban Ummi kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

Bayan azahar na zauna in saurari muryar Kaka a sabon faifan. Babu foldar.

Na duba ko'ina. Na rubuta sunanta a wurin nema. Sai gabana ya faɗi, don na tuna inda take. A D take.

Lokacin da na sayi kwamfutar a 2019, wanda ya sayar min ya raba faifan gida biyu, C da D, ya ce duk abin da nake ji da shi in sa a D, ko an yi fomatin ba zai taɓu ba. Gaskiya ya faɗa, iyakar fomatin. Amma C da D ɗaki biyu ne ƙarƙashin rufi ɗaya, rufin kuwa shi ne ya rufta ranar Alhamis. Shi kuma File History foldodin da ke ƙarƙashin sunanka yake ɗauka, su Documents da Pictures da Desktop, sai in kai ka ƙara masa wani wuri da hannunka. Ban ƙara ba. Shekara biyu ina jona faifai duk Juma'a, ban taɓa buɗe shi na ga me ya shiga me bai shiga ba.

Murya 23 ce. Azumin bara waccan na ɗauke su, kullum bayan asham, ina zaune bakin gadonta waya a kan filo. Da wayar ta cika na kwashe su zuwa kwamfuta na goge na wayar. Gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta kuwa ajiyar WhatsApp ta riga ta cinye. Kwafi ɗaya tak ke nan a duniya.

Na kira yaron. Ya yi shiru, sannan ya ce akwai masu buɗe irin wannan faifan a ɗakin da ƙura ba ta shiga, da tsada, kuma ba sa yin alkawari. Shi dai ba zai buɗe a shago ba, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ƙarasa shi. Ya ce ƙa'idar masu sana'ar kwafi uku ne, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wajen gida. Na yi masa godiya.

Balangun ban ci ba.

Da la'asar na tafi cikin gari. Na tarar Gwaggo ta fito da Kaka tsakar gida, an jingina ta da bango an lulluɓe mata ƙafa. Tun ciwon da ta yi da damina kun san yadda take, wata rana garau, wata rana sai a hankali. Na durƙusa na gaishe ta.

"Maigidana ne? Yau ma hannu rabbana ka zo, ba cefane?"

Na ji sanyi da ta gane ni. Na miƙa mata goron da na saya a hanya, ta juya shi a hannu ta ce wannan ba ɗan Gwanja ba ne. Na ce to ga ƙofa ta buɗe. Na kunna wayar na ajiye a gefen tabarma.

"Kaka, ki ƙara ba ni labarin kakanki da ya yi fataucin Gwanja."

"Ai na ba ka."

"Kin ba ni. So nake in ƙara ji."

"Na ba ka ka sa a rediyonka. Ka ce ko bayan raina 'ya'yanka za su ji."

Haka na ce mata kuwa, da bakina. Na rasa ta cewa. Gwaggo ta dube ni, na girgiza mata kai, ta gane, ta sunkuyar da kai tana tsince shinkafa.

Can Kaka ta fara. Ta ce da jakuna suke tafiya, su kai kanwa su dawo da goro, tafiyar watanni, in ayari ya dawo har guɗa ake yi. Wannan duk na sani. Amma wancan karon ta lissafa min zangunan da suke yada zango ɗaya bayan ɗaya, da sunan madugun, da sunan matar da kakan ya auro a can. Yau ta kawo biyu ta tsaya. Ta ce, "Sai kuma ina?" Ni take tambaya. Na nemi abin a kaina ban samu ba, don lokacin da take faɗa hankalina a kwance yake, na san waya tana ɗauka.

Na canja hanya, na tambaye ta shekarar da aka haifi Baba, don ita da abubuwan da suka faru take ƙirga shekaru. Ta ce tana goyonsa aka kashe Sardauna, da azumi a bakinsu. Wannan daidai ne, Janairun 1966. Ta ce Gwaggo kuma shekarar da aka canja kuɗi, aka bar fam aka koma naira. Gwaggo ta ce haka ne, 1973. Har na fara murna. Sai ta kalle ni ta kira ni da sunan Baba, ta ce in je in ɗauko mata tulu a rijiya kafin magariba. Baba yau shekararsa tara a ƙasa.

Na ce, "To, Inna." Yadda yake ce mata.

Waƙar niƙan da ta yi min baiti bakwai wancan azumin, yau amshin kawai ta yi ta maimaitawa, idonta a rufe. Na bar wayar tana ɗauka har aka kira salla.

A hanyar dawowa na tuna na taɓa tura wa Yaya ɗaya daga ciki can Maraɗi, don ta ji an ambaci sunanta. Na kira ta. Ta ce bari ta duba, wayarta ba ta canja ba. Muna cin tuwo saƙon ya shigo. Minti 11. Kaka tana dariya, tana ba da labarin ranar da aka kai ta ɗakin miji a kan doki, ana jin cokali a kofin shayi da muryar Ummi tana ƙarama tana cewa a ba ta wayar. Maman Ummi ta ajiye cokalinta. Sau uku muka saurara.

Na sa shi a Documents, shi da na yau. Na jona faifan waje, na buɗe da idona na ga sun shiga. Na share tarkacen bidiyon guruf na sama musu wuri a Google Drive, na tura wa Baffa, na ce wa Yaya kada ta goge nata.

Mataccen faifan na naɗe shi a leda na sa a akwatin takardu, na rubuta a jiki kada kowa ya kunna. In an yi albashi zan tambayi kuɗin masu ɗakin nan.

Gwaggo ta ce da hantsi Kaka ta fi zama garau, bayan ta sha koko. Gobe Lahadi, ba makaranta. Na sa wayar a caji, na kuma nemo littafi da biro.